Haɗe cibiyoyin gidan waya a Amurka: wa ke biyan kuɗin nisan hanya?

A makonnin farko na watan Maris ɗin 2024, duk wanda ya bi ta gefen garin Palmetto, kudu maso yamma da birnin Atlanta a jihar Jojiya ta Amurka, zai ga tireloli sun yi jerin gwano tun daga ƙofar wani ƙaton gini har kan titi. Direbobi na shafe sa'o'i suna jiran a ba su gurbin da za su ja da baya su sauke lodi. Ginin sabo ne fil, faɗinsa ya kai murabba'in ƙafa miliyan 1, kuma hukumar gidan waya ta Amurka, wato USPS, ta buɗe shi ne a ƙarshen watan Fabrairu domin ya karɓi aikin da cibiyoyi da dama ke yi a cikin Atlanta da kewayenta, har da wani ɓangare na aikin garuruwan Macon da Augusta. Ma'aikata kusan 2,000 aka kwaso daga wuraren da suka saba, aka zuba su a nan kusan lokaci guda, ga sababbin injuna, ga sabon jadawalin motoci, ga shugabannin da su ma ba su gama sanin lungunan ginin ba.

Abin da ke cikin tirelolin nan ba kayan ƙawa ba ne kawai. Akwai maganin hawan jini da na ciwon suga, akwai takardun kotu, akwai cekin da wani ƙaramin ɗan kasuwa ke jira ya biya yaransa, akwai takardun ƙuri'a. A lokacin da abin ya yi tsanani, wasiƙun da ke isa a kan kari a yankin sun faɗo zuwa kashi 36 cikin 100, alhali hukumar ta yi wa jama'a alkawarin kai wa kashi 95. A ranar 16 ga Afrilu aka zaunar da shugaban hukumar, Louis DeJoy, a gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa, inda Sanata Jon Ossoff na Jojiya ya shaida masa cewa makonni kawai ya rage masa ya gyara wannan ɓarna, ba watanni ba.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa ganganci ne kawai, an ɗauki abin da ke aiki an ɓata shi. Maganar ta fi haka zurfi. Abin da ya sa aka gina Palmetto dalili ne mai ƙarfi, kuma sai an saurare shi da kyau kafin a gane inda lissafin ya karkace.

Hukumar gidan wayar Amurka ba ta cin kuɗin haraji wajen gudanar da ayyukanta na yau da kullum. Da kuɗin kan sarki da na dakon kaya take biyan ma'aikata sama da 600,000. A shekarar 2001 wasiƙun aji na farko, waɗanda su ne ke kawo mata riba mafi tsoka, sun haura biliyan 103. Zuwa 2024 sun dawo kimanin biliyan 44, saboda imel da biyan kuɗi ta intanet sun ƙwace aikin. Amma adireshin da dole a leƙa kwana shida a mako bai ragu ba. Sun haura miliyan 165, kuma kowace shekara ana samun ƙarin sama da miliyan 1. Mai raba wasiƙa na nan yana bin gida gida, sai dai jakarsa ta fi ta da sauƙi, kuma abin da ya ƙaru a motarsa kwalaye ne na sayayyar intanet. Tsofaffin cibiyoyin hukumar kuwa an gina su ne domin wasiƙa. Wasu benaye ne a tsakiyar gari, ƙofofin lodi kaɗan, filin juya tirela babu. Kwali na cin wuri, yana son dogon bel mai gudu da inji mai karanta lamba, ba ya shiga injin da aka ƙera wa ambulan.

DeJoy ɗan kasuwar sufurin kaya ne, ya gina kamfanin New Breed Logistics a jihar Carolina ta Arewa kafin ya sayar da shi ga kamfanin XPO a 2014, sannan ya karɓi ragamar gidan waya a watan Yunin 2020. A watan Maris na 2021 ya fito da shirin shekara goma. Ya ce in aka bar abubuwa yadda suke, hukumar za ta yi asarar dala biliyan 160 a cikin shekarun. Maganinsa shi ne a zuba jarin dala biliyan 40, a gina ko a gyara manyan cibiyoyin yanki kimanin 60 waɗanda duk kaya za su riƙa bi ta cikinsu, a mayar da sauran ƙananan cibiyoyi masu ware abin da ya shigo garinsu kawai, sannan a tattara masu raba wasiƙa daga ƙananan ofisoshi zuwa manyan gidajen rabo. Ƙorafin da ya fi yawan maimaitawa shi ne dubban motocin hukumar na zirga-zirga kowace rana ba su cika ko rabi ba.

Wanda ya taɓa kai saƙo tasha ya san wannan lissafi. Mota ba ta tashi sai ta cika, domin man da za ta sha daga Kano zuwa Maiduguri ɗaya ne, ko fasinja uku ta ɗauka ko goma sha takwas. In aka raba fasinjan gari ɗaya a tasha biyar, kowace mota za ta wuni tana jira ko ta tashi da asara. In aka tara su a tasha guda, motoci za su riƙa cika da wuri, amma mutumin da ke bakin gari sai ya biya kuɗin adaidaita sahu ya ratsa gari kafin ya fara tafiyar da ta fito da shi. Ribar ta direba ce da mai mota, ƙarin wahalar ta fasinja ce, kuma ba a rubuta ta a littafin kowa.

Kamfanin FedEx ne ya fi kowa nuna wa duniya ƙarfin tara kaya wuri guda. A daren 17 ga Afrilun 1973, ƙananan jiragensa 14 suka ɗauki ƙunshi 186 zuwa birane 25, kuma duk ta birnin Memphis suka bi. Lissafin a bayyane yake. In ana son kowane ɗaya daga birane 25 ya aika wa kowane kai tsaye, ana buƙatar layi 300. In kowa zai kawo nasa cibiya ɗaya ya kwashi wanda aka aiko masa, layi 25 sun wadatar. Kuma inji mai tsada da ke ware dubban kwalaye a sa'a guda ba ya mayar da kuɗinsa sai yana samun abin da zai ci dare da rana. Babbar cibiyar kamfanin UPS da ke birnin Louisville na iya ware ƙunshi sama da 400,000 a cikin sa'a ɗaya. Ba wanda zai kafa irin wannan a kowane gari.

Saboda haka ba a musun cewa haɗewa na rage kuɗi. Tana rage hayar gine-gine da wuta da gyara, tana rage yawan shugabanni, tana cika motoci, tana sa inji ya yi aikin hannaye da yawa. Inda ake samun saɓani shi ne abin da ke tasowa a wani gefen, kuma yakan taso ta fuskoki da dama waɗanda ba lokaci guda suke bayyana ba.

Na farkon da ke bayyana shi ne kuɗin ƙaura kanta. Kafin Atlanta, an fara gwada tsarin a Richmond ta jihar Bajiniya a watan Yulin 2023. Hukumar ta yi hasashen za ta riƙa tsimin dala miliyan 15 a shekara a can. Da ofishin Sufeto Janar na gidan waya ya shiga ya duba, sai ya tarar a cikin watanni huɗu na farko kaɗai an kashe sama da dala miliyan 8 da ba a shirya musu ba, a kan aikin ƙarin lokaci da hayar ƙarin motoci. Jadawalin motoci bai dace da lokacin da injuna ke gama aiki ba, don haka mota kan tashi kaya bai fito ba, sai a nemo wata ta bi bayanta. Ma'aikata da yawa ba sa zuwa aiki, shugabanni ba su san sabon tsarin ba. Masu binciken sun ga wasiƙun da suka fi wata biyu a ajiye cikin wani akwatin kaya a filin ajiye motoci, sun ga waɗanda ruwa ya lalata. Rahoton ya kuma ce ba a zauna da mutanen yankin an ji ta bakinsu ba kafin a fara. Mutum zai ce wannan ciwon haihuwa ne, zai wuce, kuma lallai ayyuka sun farfaɗo sannu a hankali a Richmond da Atlanta. Amma abin da ya fi damuna shi ne an buɗe Palmetto, wadda ta fi girma nesa ba kusa ba, tun ba a gama koyon darasin Richmond ba. Ɗan kasuwar da kayansa suka kwana uku a tirela ba ya jiran a gama koyo. Yakan koma wani kamfani, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Na biyu shi ne hanya, kuma babu inda ya fito da wannan fili kamar Reno ta jihar Nevada. A farkon 2024 hukumar ta ce za ta ɗauke aikin ware wasiƙun da ake aikawa daga Reno ta kai shi Sacramento ta jihar Kalifoniya. Tazarar ta kai kilomita 210, kuma hanyar ta ratsa tsaunukan Sierra Nevada ta mashigar Donner, wadda tsayinta ya haura mita 2,100. Wasiƙar da mutumin Reno ya aika wa maƙwabcinsa na Reno za ta hau dutse ta sauka Kalifoniya, a buga mata hatimi, ta sake hawa dutse ta dawo. A farkon watan Maris na wannan shekarar, ana tsaka da muhawara, dusar ƙanƙara ta rufe babbar hanyar na kwanaki. Nevada kuwa jiha ce da ake aika wa kowane mai zaɓe takardar ƙuri'arsa ta gidan waya. Abin da hukumar ta ce za ta tsimi a wannan ƙaura bai wuce dala miliyan 3 zuwa 4 da 'yan kai a shekara ba.

Hukumar na da hujjarta, kuma ba ta banza ba ce. Yawancin abin da ake jefawa a akwatin wasiƙa a Reno dama ba Reno zai tsaya ba, wasu jihohi za shi, don haka ware shi a babbar cibiya ya fi sauri da araha. Amma ƙaramin kason da ke zama a gari shi ne ya ƙunshi ƙuri'a da takardar haraji da sammacin kotu da sakamakon gwajin asibiti. Gwamnan jihar Joe Lombardo, ɗan jam'iyyar Republican, da sanatocinta biyu 'yan Democrat, Catherine Cortez Masto da Jacky Rosen, suka haɗa baki suka ƙi. Ƙaramar hukumar Washoe, wadda Reno ke cikinta, ta kai ƙara kotu. A watan Agusta hukumar ta janye, ta ce wasiƙun cikin gida za su ci gaba da zama a Reno. Irin wannan rigima ta tashi a Wyoming, inda aka shirya kai aikin Cheyenne zuwa Denver, na Casper kuma zuwa Billings, abin da zai bar jihar baki ɗaya ba ta da inda ake ware wasiƙun da ke fita daga cikinta.

Akwai kuma haɗarin da ba a ganinsa sai ranar da ya faɗo. Cibiyoyi goma ƙanana, in ɗaya ta tsaya, tara na aiki. Cibiya ɗaya babba in ta tsaya, yanki guda ya tsaya. A watan Fabrairun 2021 guguwar sanyi ta durƙusar da aiki a cibiyar FedEx ta Memphis da ta UPS ta Louisville, har ta kai gwamnatin Amurka ta sanar da cewa allurar rigakafin korona miliyan 6 ta makale a hanya. Waɗannan kamfanoni ne da suka shekara da shekaru suna goge tsarinsu, amma yanayi na kwana kaɗan ya ishe su.

Ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba shi ne na masu raba wasiƙa. A da, mai rabo kan fara aikinsa a bayan ofishin gidan wayar garinsu. Ya zo da safe, ya jera wasiƙu bisa tsarin gidajen layinsa, ya loda kwalaye, cikin 'yan mintuna ya isa gida na farko. Irin waɗannan wuraren farawa sun kai kimanin 19,000 a faɗin ƙasar. Sabon tsarin ya ce a tattara na ofisoshi da dama a babban gida guda, kuma an fara da garin Athens na Jojiya a watan Nuwamban 2022. Amfanin a fili yake. Maimakon ƙananan motoci su bi ofisoshi goma kafin asuba suna ajiye buhu buhu, tirela ɗaya za ta sauke komai a wuri guda, inji ya ware kwalaye layi layi, abin da a da da hannu ake yi. A nan ne kuma ake iya kafa wuraren cajin motocin lantarki, kuma a Athens ɗin ne aka fara fito da sababbin motocin rabo na kamfanin Oshkosh a 2024, masu na'urar sanyaya ciki, a madadin tsofaffin da aka ƙera tsakanin 1987 da 1994 waɗanda ke gasa direbobinsu a lokacin zafi. Wanda ya shekara ashirin a cikin tsohuwar motar ba zai raina wannan ba.

Amma a bi ranar mai rabon da ke zaune a wani ƙaramin gari rabin sa'a daga cibiyar. Da motarsa da mansa zai tuƙo zuwa cibiya, wannan a aljihunsa yake. Ya loda, ya hau motar aiki ya koma garin da ya baro, wannan a agogon hukuma yake. Da yamma ya mayar da mota cibiya, ya sake hawa tasa ya koma gida. Hanya ɗaya ya bi ta sau huɗu. A ƙaddara masu rabo 100 ne, kowanne an ƙara masa minti 20 zuwa da minti 20 dawowa a lokacin aiki. Sa'o'i kusan 67 ke nan a kowace rana ake biya ba a kai wa kowa komai ba, ban da mai da taya. In layi ya yi tsawo har ya wuce sa'o'in aiki, dole a yanke shi a ƙirƙiro sabo, a ɗauki sabon ma'aikaci, a sayi sabuwar mota. A hukumar da albashi da haƙƙoƙin ma'aikata ke cinye kusan kashi uku cikin huɗu na abin da take kashewa, minti ba ƙaramin abu ba ne. Inda gidaje ke cunkushe kuma cibiyar na kusa, ribar inji na rinjayar asarar hanya. Inda gidaje ke warwatse, lissafin na iya juyewa, kuma taswirar da aka zana a Washington ba ta nuna wannan sai an je an auna.

To nawa ne ma ake tsimin? A watan Mayun 2024, bayan sanatoci 26 daga jam'iyyun biyu sun rubuta masa takarda, DeJoy ya amince ya dakatar da ƙaurar da aka shirya wa cibiyoyi kusan 60 har zuwa Janairun 2025. Ya ce dakatarwar za ta jinkirta tsimin dala miliyan 133 zuwa 177 a shekara. Kuɗi ne masu yawa, amma a shekarar kuɗi ta 2024 hukumar ta kashe kimanin dala biliyan 89.5, ta yi asarar biliyan 9.5. Hukumar da kanta ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na asarar ya fito ne daga abubuwan da ba su hannun masu gudanarwa, kamar bashin fansho da lissafin diyyar ma'aikata. Ke nan ko an kammala ƙaurar cibiyoyin nan 60 gaba ɗaya ba tare da wata tangarɗa ba, ramin da ake son cikewa ba zai ji a jikinsa ba. Inda aka ga tsimi na gaske shi ne a sufuri, wanda ya ragu da kimanin dala biliyan 1.3 a shekarar, kuma babban dalili shi ne sauke kaya daga jirgin sama zuwa mota. An share wa wannan hanya tun watan Oktoban 2021, lokacin da aka tsawaita wa'adin isar wasiƙa daga kwana uku zuwa kwana biyar. An samu kuɗin, amma da lokacin jama'a aka saye shi.

Kuma ba wannan ne karo na farko ba. A 2012 da 2013 hukumar ta haɗe cibiyoyi 141, sannan a watan Janairun 2015 ta soke isar da wasiƙar cikin gari a kwana ɗaya domin injuna su samu dogon lokacin aiki a cibiyoyi kaɗan. Ta yi hasashen tsimin kimanin dala biliyan 1.6 a 2016 da 2017. Da Sufeto Janar ya bi diddigi, abin da ya iya tabbatarwa bai wuce dala miliyan 90 da ɗoriya ba. Masu gudanarwa sun ƙi yarda da yadda ya yi lissafinsa, amma tazarar ta yi yawan da ba za a ce bambancin alƙalami ba ne. Jinkirin ya tabbata ga kowa tun ranar farko, tsimin kuwa har yau ana jayayya a kansa. Wannan tarihi kaɗai ya isa ya sa a nemi hujja mai ƙarfi kafin a sake ɗaga wata cibiya.

Mataki mafi nauyi ga mutanen karkara ya zo daga baya. A al'ada mota kan je ofishin gidan waya da safe ta sauke abin rabo, wata ta dawo da yamma ta kwashi abin da aka aika a ranar. Motar yamman nan a ƙauyuka sau da yawa kusan wayam take komawa. Sai hukumar ta ce duk ofishin da ya fi mil 50, wato kimanin kilomita 80, nisa daga babbar cibiyar yanki, zuwa ɗaya za a riƙa yi masa, da safe. Wanda ya kai saƙonsa ranar Litinin da hantsi, saƙon zai kwana a ofis sai Talata. Tunda a cibiya ake buga yawancin hatimin kwanan wata, takardar da doka ta ce ranar hatiminta ake dubawa, kamar ƙuri'a a wasu jihohi ko takardar haraji, na iya ɗaukar kwanan watan gobe alhali yau aka kai ta. An kuma daina ƙirga Lahadi da ranakun hutu a cikin kwanakin tafiya ga abin da aka aika ranar jajibirinsu, ta yadda wasiƙa za ta ƙara kwana a hanya amma a takarda ta isa a kan lokaci.

Hukumar da ke sa ido kan gidan waya ta fitar da ra'ayinta kan waɗannan sauye-sauye a ranar 31 ga Janairun 2025. Ta ce tsimin da ake hasashe, dala biliyan 3.6 zuwa 3.7 a shekara, an gina shi a kan zato mai rauni, kuma ko ya tabbata bai wuce kimanin kashi 4 cikin 100 na abin da ake kashewa ba. Ta ce kusan rabin hanyoyin da ke tsakanin wani yanki da wani za su ga jinkiri ga wasiƙar da mutum ɗaya ya aika, kuma karkara ce za ta fi shan wahala. Ra'ayin shawara ne, ba umarni ba, don haka aka ci gaba, aka fara aiki da sabon wa'adin a watannin Afrilu da Yulin 2025.

Wa ke zaune a bayan mil 50 ɗin nan? Tsofaffin sojoji, waɗanda ma'aikatar kula da su ke aika musu kusan kashi 80 cikin 100 na magungunansu ta gidan waya. Manoman da ke sayen 'yan tsakin kwana ɗaya, waɗanda gidan waya ke ɗauka a kwali mai huji, kuma dole su isa cikin sa'o'i 72 da ƙyanƙyasa tun abincin da ke cikinsu bai ƙare ba. Matar da ke ɗinki ko haɗa sabulu a gida tana sayarwa ta intanet, wadda kwana ɗaya na jinkiri ke sa mai saye ya rage mata daraja a shafin ciniki. Su ne mutanen da suka fi kowa rashin wata mafita, kuma a kansu aka ɗora mafi yawan nauyin.

Kamfanoni masu zaman kansu ma suna haɗe nasu cibiyoyin, kuma da gaggawa. A watan Maris na 2024 UPS ya ce zai rufe wurare kimanin 200 ya mayar da aikinsu manyan cibiyoyi masu sarrafa kansu, da fatan tsimin dala biliyan 3 zuwa 2028. A watan Afrilun 2025 ya sanar da rage ma'aikata 20,000 da rufe gine-gine 73, bayan ya yanke shawarar rage fiye da rabin kayan Amazon da yake ɗauka saboda ribarsu ba ta taka kara ta karya ba. FedEx na haɗe sashensa na jirgi da na mota, waɗanda a da kowanne ke tura motarsa layi ɗaya a rana ɗaya, yana neman tsimin dala biliyan 2. Sai dai waɗannan suna da damar da gidan waya ba shi da ita. Suna iya sallamar abokin ciniki mara riba, suna kuma ƙara kuɗi na musamman ga duk ƙunshin da za a kai ƙauye mai nisa. A wurinsu kuɗin tazara na fitowa a rasit, mai aikawa ya gani ya zaɓa. Gidan waya kuwa doka ta ɗora masa hidimta wa karkara yadda ya kamata, har ta hana rufe ƙaramin ofis don kawai ba ya kawo riba, kuma kan sarki farashinsa ɗaya ne ko wasiƙa tsallaken titi za ta ko Alaska. Tunda ba zai iya ƙara wa mutumin ƙauye kuɗi ba, sai ya ƙara masa kwana.

Abin lura kuma shi ne Amazon, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawan kwalaye, wata hanya dabam ya bi. A 2023 ya raba tsarinsa na ƙasa baki ɗaya zuwa yankuna takwas, kowanne na ajiye kayan da mutanensa suka fi saya kusa da su. Shugaban kamfanin, Andy Jassy, ya shaida wa masu hannun jari cewa kuɗin kai kowane kaya a Amurka ya ragu da fiye da senti 45 a shekarar, kuma kayan sun fi saurin isa. A 2025 kamfanin ya ce zai zuba dala biliyan 4 wajen buɗe ƙananan tashoshin rabo a karkara. Ba za a kwatanta su kai tsaye ba, domin Amazon ya san abin da za a saya tun ba a saya ba, yana iya kai shi kusa ya ajiye, shi kuwa gidan waya sai abin da aka miƙo masa a kanta. Duk da haka darasin na nan. Rage nisan da kaya ke yi da rage yawan hannun da ke taɓa shi na iya zama tsimi mafi girma fiye da rage yawan gine-gine.

A ganina DeJoy ya gano ciwon daidai. Tsarin da aka gina wa wasiƙa biliyan 100 ba zai ɗauki zamanin kwali ba sai an sake shi, kuma 'yan majalisar da ke kare kowace cibiya a mazaɓarsu ba su kawo wata hanyar biyan kuɗin ba. Inda ya gaza shi ne a lissafi da kuma gaggawa. An ƙirga abin da ke fita daga asusun hukuma dalla dalla, ba a ƙirga man ma'aikaci da kwanan da magani ya ƙara a hanya da cinikin da ya gudu ba. Ya kamata kowace ƙaura ta zo da alƙalumanta a bainar jama'a kafin a fara, a kuma dawo bayan shekara a faɗi abin da aka samu a zahiri, gari da gari, kafin a taɓa na gaba. In har ƙasa na son ɗan ƙauye ya samu saƙonsa daidai da ɗan birni, to Majalisa ta fito ta faɗi wanda zai biya, a daina ɓoye kuɗin a cikin jinkiri.

DeJoy ya sauka a ranar 24 ga Maris ɗin 2025. David Steiner, tsohon shugaban kamfanin kwashe shara na Waste Management wanda ya zauna a hukumar daraktocin FedEx, shi ya gaje shi a watan Yuli, kuma bai soke tsarin ba. Shirin 2021 ya yi hasashen hukumar za ta daina asara cikin shekara biyu zuwa uku, amma a shekarar kuɗi ta 2025 ta sake yin asarar dala biliyan 9. Kan sarkin da ake saya senti 55 lokacin da aka ƙaddamar da shirin ya koma senti 78 a watan Yulin 2025.